Ludayi Mai Jan Zare

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Surukata, uwar mijin 'yata, ta riga mu gidan gaskiya. Ni ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake yi ana rubutawa, don kada a naɗe tabarmin makoki a naɗe har da ita.

Labarin rasuwar ya same ni a unguwarmu Gardole ina tankaɗe. Na bar rariya a cikin garin, na yafa lafai, dogon mayafin nan namu, na tari taksi zuwa unguwarsu Marjandafak. Kafin in isa layin ya cika. 'Yan kasuwar da ke jere da ƙofar gidan sun ja ƙofofin shagunansu. Direbobin nan 'yan Nijar, masu cin tuwo a zaurenta duk sanda suka sauka, suna tsaye jikin bango. Balarabiyar maƙwabciyarta, wadda suka shekara da shekaru suna faɗa a kan ruwan kwata, ta zauna a ƙasa tana kuka da Larabci, tana tambaya yanzu da wa za ta yi faɗa. Surukina, mijin 'yata, yana zaure, duk abin da aka ce masa sai ya ce amin, ko da ba addu'a ba ce. Babbar yayarsa, gwaggon yara, ba ta zubar da hawaye ba. Tana tsakar gida tana cewa a sauke wannan tukunya, a ɗora waccan. 'Yata kuwa tana lungu da tsohon ciki, idonta a kan gwaggon. Jikata, yarinyar da ba ta ji, tana bin ɗakuna tana ɗaga labule tana leƙawa.

Kowa kukan mutuwa yake yi, ni kuma nawa ya haɗu da tsoro. Marigayiya ce ta riƙe 'yata a gidan nan. Yanzu maganar cikin gida ta koma hannun gwaggon yara, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta, kuma ƙanenta ba ya tsallake maganarta. Ita ce ta taɓa cewa a mayar min da 'yata. Shi ya sa tun ranar farko nake zaune a tabarma ina amsa gaisuwa, zuciyata tana tambaya ko cikin nan a Marjandafak za a haife shi, ko a ɗan ɗakina na Gardole.

Bari in faɗi wace ce ita.

Bakanuwa ce, ni kuma Badamagariya, don haka tun ranar da aka kawo goron neman aure ba mu taɓa gaisawa cikin mutunci ba. In na shigo sai ta ce baiwarta ta iso, a ba ni tsintsiya. Ni kuma in ce na zo duba ko Kanawa sun koyi zuba mai a miya. Kunyar da ake yi tsakanin surukai ba ta samu wurin zama a tsakaninmu ba. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa take sayarwa a bakin zaure, ana hayo mata da su ta gadar Kusuri da ke kan iyaka. Shekarunta a garin nan sun fi na 'ya'yanta, amma Larabcinta bai taɓa miƙewa ba, kuma ba ta damu ba. Kalma guda ta riƙe da kyau, ita ce kalas. In ta ce kalas, magana ta ƙare, sai a ɗora shayi.

In ta ji hayaniya a tsakar gida, takan fito ta tambaya wa ya mutu. In aka ce ba kowa, sai ta ce to kowa ya zauna. Ranar makokinta na yi ta jiran in ji wannan tambaya daga bakin ƙofar ɗakinta.

Tana da haƙora har ta tsufa. Dabino da gyaɗa takan tauna ta sa wa yara a baki, su kuma suna kewaye da ita kamar 'yan tsaki. Kuma tana da dokarta a kan mai ciki. Mai ciki ba ta daka, ba ta hura wuta, ba ta ɗaukar jarka. Aikinta raino: ta zauna a inuwa da ƙananan yaran gidan, ta share musu majina, ta canza musu ƙunzugu, ta ba su kunu. In yaro ya sha ya bari, ba a zubarwa, mai ciki ce za ta ƙarasa da ludayin da ya sha, wai don ɗan ciki ya saba da 'yan'uwansa tun kafin ya fito. Tausayi ne ya sa ta kafa dokar. Lokacin da 'yata ta samu cikin fari na ga yadda aka hutar da ita, na koma gida ina gode wa Allah.

Aka haifi yarinyar 'yar mitsitsiya, idonta rawaya, jikinta da ɗigo-ɗigo. Muka ce shawara ce. Aka riƙe su a labtan, kamar yadda mutanen nan ke kiran asibiti, aka ɗebi jininta da fitsarinta. Wata likita mace, doguwa, mai magana a hankali, ta gaya wa surukina cewa wata ƙwayar cuta ce ta ratsa daga uwa zuwa ɗiya tun a ciki. Ta faɗi sunanta da Faransanci, suna mai tsawo, 'yata ce kawai ke iya furta shi, sitomegalobirus. Ta ce a riƙa lura da jin yarinyar. Surukina ya dawo gida, duk bayanin ya zube masa a hanya, abin da ya iso da shi kawai shi ne cuta ce a jinin uwar.

Yarinya ta yi ƙwari, ta fara zama, har muka manta. Marigayiya ce ba ta manta ba. Wata rana da hantsi ina gidan, yarinyar tana zaune a tabarma tana wasa da murfin kwano. Na ga tsohuwa ta zagaya bayanta da babban faranti na ƙarfe, ta sake shi a kan siminti. Kaji suka watse, jaririn maƙwabta ya tsala kuka ta bayan katanga, ni kaina sai da na dafe ƙirji. Yarinyar ba ta waiwaya ba. Tsohuwa ta sunkuya ta ɗauki farantin, ta goge shi da gefen zaninta, ta mayar da shi inda yake. Ranar ba ta ce da ni baiwarta ba.

Daga nan magana ta fara yawo. Ta tashi daga tsakar gida ta fita layi, daga layi ta shiga kasuwa. Cuta a jini, kowa ya san abin da mutane ke nufi in sun faɗi haka suna rage murya. Aka fara cewa ai 'yan ƙetare ba a san abin da suka taka ba kafin su zo. Matan da ke aron turmi suka daina aro. Gwaggon yara ta ce a gaban ƙanenta, kuma a gaban 'yata, zuri'arsu ba a taɓa haifar wanda ba ya ji ba, wannan jinin daga waje ya shigo, a mayar da shi inda ya fito kafin ya ƙara ɓata musu wani.

Da maganar ta iso ni, ban tsaya neman mota ba. Da ƙafa na taka har Marjandafak cikin ranar nan mai ƙona tafin ƙafa. Na shiga ɗakin 'yata na fara tura kayanta a buhu. Na ce ta goya 'yarta mu tafi, ni ban haifi abin zagi ba. Da muka fito sai muka tarar tsohuwa ta jawo kujerarta ta zauna a tsakiyar ƙofar zaure, ta miƙe ƙafafu.

Ta ce, "Badamagariya, ranar da aka kawo min yarinyar nan, ba ni ita kika yi ko ara min?"

Na ce ba ta ita na yi, amma ban ba ta don a yi ta yanka ta da baki ba.

Ta ce, "To abin da aka ba ni ba ya fita ta ƙofar nan a buhu. Ajiye."

Mun yi faɗa ranar, faɗa na gaske, ba na wasan Kano da Damagaram ba. Na gaya mata maganganun da har yau ba na son a rubuta. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita ba ta yarda da bayanin da namiji ya ɗauko daga labtan ba, domin ɗanta ko aiken gishiri aka yi masa sai ya dawo da kanwa. Gobe ita da ni za mu je mu ji da kunnenmu.

Muka je. Muka zauna a benci tun safe har rana ta take, cikin mata masu ciki, Larabawa da 'yan ƙabilar Sara da Barebari da namu, kowa tana fifita da katinta. Da aka kira mu, 'yata ta tsaya tana juya mana maganar. Tsohuwa ta tambayi likita kai tsaye, shin wannan cutar ta masu yawon banza ce.

Likitar ta girgiza kai. Ta nuna ƙofa, ta ce matan nan da muka baro a benci, in za ta ɗebi jininsu, mafi yawansu za a ga alamar cutar ta taɓa shigarsu, kuma ita kanta ba ta cire kanta ba. Ta ce yawanci tun muna yara muke ɗauka, ta wuce kamar mura ko ma ba a sani ba, ta kwanta a jiki ta yi shiru. Ta fi yawo a yawun ƙananan yara da majinarsu da fitsarinsu, su kuma suna ta wasansu lafiya lau. Matsalar kawai in ta sami mace tana da ciki, wani lokaci takan ratsa ta taɓa ɗan, kuma ko a hakan yawancin 'ya'yan lafiya suke fitowa. Namu rabon ne ya zo a haka.

Sai tsohuwa ta tambaya, in mai ciki ta sha ragowar kunun yaro da ludayinsa fa, in ita ce mai share majina da wanke ƙunzugu fa. Likitar ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa ta nan aka samu ba, ba wanda zai iya. Amma in ana so a rage haɗari, mai ciki ta riƙe nata ludayi, ta wanke hannu da sabulu in ta taɓa fitsari ko majina, ta sumbaci yaro a goshi maimakon baki. Ta ƙara cewa wannan ragewa ce kawai, ba rufe ƙofa ba.

A hanyar dawowa muka wuce unguwar Kabalaye. A nan tsohuwa ta ce da ni, ashe hutun da ta ba 'yata ke nan.

Abin da ta yi bayan nan shi ne har yau ake ba da labarinsa a layin. Ta tara matan gidan kaf, matan 'ya'yanta da 'ya'yanta mata da amaryar jikanta da ba ta daɗe da tarewa ba, ta ce kowa ta yafa lafai, za a je a ɗebi jini. Gwaggon yara ta ce ita ba inda za ta, lafiyarta ƙalau. Tsohuwa ta ce ai mai lafiya ba ta tsoron allura, kalas. Ni ma ta ce in zo, kada a ce an bar jinin Damagaram a baya. Ita ta fara miƙa hannu. Da sakamako ya fito muka koma, ta hana a kira mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce a faɗa a gaban kowa. Aka faɗa. Ita tana da alamar. Ni ina da ita. Matan 'ya'yanta suna da ita. Gwaggon yara tana da ita. Amaryar nan kaɗai ce ba a ga komai a jininta ba, kuma likitar ta ce ita ce ma za ta fi kowa kiyayewa in ta samu ciki.

Tsohuwa ba ta yi wa kowa gori ba. Ta dubi babbar 'yarta ta ce, "To, wa za a mayar gidansu?" Muka fito muka sayi ruwan karkanji, wato zoɓo, mai sanyi a bakin titi muka sha a tsaye.

Gwaggon yara ba ta sake maganar kora ba, amma ba ta yafe ba. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninta da 'yata. Yarinyar kuwa ko kallonta ba ta cika yi ba.

Tsohuwa ta juye dokarta. Ta sayo sabon ludayi ta ɗaura masa jan zare a wuya, ta ce duk mai ciki a gidan nan wannan ne nata, yaro bai taɓa shi, babba bai taɓa shi. Mai ciki ta koma tsintar shinkafa da jiran daddawa a zaure. Majina da ƙunzugu suka koma hannun tsohuwa, ta ce ita ta gama haihuwa, cuta ta zo ta same ta in tana da abin yi da ita. Ta ajiye sabulu a kan bulo kusa da randa. Ta daina tauna wa yara dabino, sai ta riƙa daka musu a ɗan turmin yaji da ta wanke ta keɓe. Wannan ya fi komai yi mata wuya. Sau da yawa nakan ga ta kai dabino baki, yara sun buɗe nasu suna jira, sai ta tuna, ta haɗiye abinta tana hararar su.

Mutane ba su bar ta ba. A gidan suna, in aka zagayo da ƙwaryar kunu da ludayi ɗaya, sai ta zaro na surukarta daga cikin lafai. Aka ce girman kai ne, aka ce ƙyamar mutane take yi, aka ce tsufa ya sa ta bin maganar Nasara. Wata ta ce mata iyayenmu da ludayi ɗaya suka sha kuma suka haife mu da kunnuwanmu. Ta ce haka ne, ita ma da ludayi ɗaya ta sha, amma ita ce ta saki faranti a bayan jikarta, ba a ba ta labari ba. Wasu suka ɗauka a ɓoye. Na san gidaje a layin da yanzu akwai ludayi mai zare a rataye, masu shi ba za su ce daga ina suka koya ba.

Ita da yarinyar suka ƙirƙiro maganarsu ta hannu. Ruwa, a taɓa maƙogwaro. Uwa, a dafa ƙirji. Ni, a ja kunne, wai don ina da taurin kai. Ita kanta tsohuwa, a kumbura kunci ɗaya kamar mai tauna dabino. In suna hirarsu a bakin zaure har dariya suke yi, mai sayen daddawa ya yi ta sallama ba a ji ba, sai ka rasa wace ce ba ta ji a cikinsu. Ta so a kai yarinyar inda ake koya wa irinsu karatu. Tana cikin tura ɗanta ya bincika ne ciwon ajali ya kwantar da ita, kuma bai daɗe ba.

Na gaji a kwanakin makokin nan irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Kwanukan aro sun cika gida, an cakuɗa na kowa da na kowa, ludayin 'yata mai jan zare ya ɓace a ciki. Ba ta iya tambaya ba. Wa za ta tambaya, a gidan da ake kukan uwa, ta ce ina ludayina? In aka zagayo da kunu sai ta ce ta ƙoshi. Ina kallonta, leɓenta duk ya bushe. Buhun da na taɓa cusa kayanta a ciki yana nan a bayan ƙofarta, na gan shi, na fara auna abin da zai ɗauka.

Ranar sadakar bakwai aka dama kunu mai yawa. Wata dattijuwa da ta zo gaisuwa daga Kusuri, ba ta san dokar gidan ba, tana ba jikanta kunu ya sha ya ture. Ta waiga ta ga mai ciki, ta miƙa mata ƙwaryar da ludayin, ta ce ta shanye, albarka ce. 'Yata ta karɓa, don ba a mayar wa babba hannu. Ta riƙe ƙwaryar tana kallon cikinta. Tsakar gida cike take da mata.

Gwaggon yara ta taso daga wurin tukwane. Ta karɓe ƙwaryar daga hannun 'yata, ta kafa kai ta shanye ragowar da kanta, ta ce wa dattijuwar an gode. Ta shiga ɗakin uwarta, wanda tun ranar rasuwar ba ta taka ba. Ta jima a ciki. Ta fito da gwangwanin allura da zaren marigayiya, da sabon ludayi. Ta tsuguna gaban randa ta wanke shi da sabulu, ta gutsuro jan zare da haƙori ta ɗaura, ta ɗebo kunu daga tukunya ta miƙa wa 'yata.

Ta ce, "Riƙe. In kin sauka ki rataye shi a ɗakinki, za a sake nemansa."

Sai ta juyo gare ni ta ce, "Inna, in za ki koma Gardole ki kama hanya kafin motoci su yi wuya. Ita tana da tsintar shinkafa gobe."

Na gyaɗa kai.

Yarinyar tana tsaye tana kallon gwangwanin, ta gane shi. Ta zo ta ja zanin gwaggonta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kumbura kunci ɗaya, ta buɗe tafin hannu tana tambaya. Duk kwanakin nan ba wanda ya iya gaya mata. Gwaggon ta tsaya da zaren a hannu, ta dubi 'yata, ta tambaye ta yaya ake gaya wa yarinyar da hannu cewa kakarta ta tafi, ba za ta dawo ba. 'Yata ta ajiye ludayin a kan cinyarta ta nuna mata. Gwaggon ta durƙusa daidai fuskar yarinyar ta gwada, hannunta bai saba ba, ta kuskure, ta sake. A nan ne na ga hawayenta na farko.

Allah Ya jiƙanki, Bakanuwa. Ya sanyaya makwancinki, Ya yafe miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, Ya ba ki inuwar da kika ba 'yata. Baiwarki ta share miki ƙofar zaure kafin ta tafi.